Legas zuwa Guangzhou: me ya sa tafiya ta nuna awa 26, dawowa ba ta cika 12 ba?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina zaune a Idi-Araba nan Legas, ina sayar da takalma da jakunkunan mata. Na daɗe ina sarin kaya a hannun masu zuwa ƙasar Sin, bana dai na samu biza zan je Guangzhou da ƙafata. Tikitin da aka yanka mini ya nuna za mu tashi daga Legas ranar Litinin 1:30 na rana, mu sauka Adis Ababa 8:45 na dare, mu sake tashi 12:30 na dare, mu isa Guangzhou ranar Talata 3:30 na yamma. Da na ƙirga sai na ga awa 26 ke nan. Amma a dawowa za mu tashi ranar Alhamis 12:30 na dare, mu sauka Adis 6:00 na safe, mu tashi 9:00, mu iso Legas 12:15 na rana, ko awa 12 bai cika ba. Shin hanyar zuwa ce ta fi nisa, ko an zaɓa mini doguwar hanya ce don ta fi araha? Kilomita nawa ne tsakanin garuruwan biyu, kuma wace hanya ce ta fi sauri?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya, ya sa albarka a nema. Idan na fahimce ka, abu uku kake son sani: nisan da ke tsakanin Legas da Guangzhou, dalilin da ya sa awannin zuwa suka ninka na dawowa a takarda, da kuma ko akwai hanyar da ta fi wadda aka ba ka. Bari in fara kwantar maka da hankali. Ba a cuce ka ba. Tafiyarka awa 19 ce, dawowarka awa 18 da minti 45, kuma hanya ɗaya za ka bi zuwa da dawowa. Sauran bambancin da ka gani aikin agogo ne.

Agogon tikiti

Kowane lokaci da aka rubuta a tikitin jirgi, agogon garin da aka ambata ne. Lokacin tashi na garin tashi, lokacin sauka na garin sauka. Habasha tana gaban Najeriya da awa 2, Sin kuma tana gabanmu da awa 7. Dalili shi ne duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, Legas tana wajen digiri 3 gabas, Guangzhou tana wajen digiri 113, wato tazarar digiri 110 ke nan, rana takan fito musu fiye da awa bakwai kafin ta fito mana. Ƙasar Sin duk girmanta agogo ɗaya take amfani da shi, na Beijing, kuma ba ta matsar da shi da sauyin yanayi, haka ma Najeriya da Habasha. Saboda haka awa 7 ɗin nan tana nan daram ko da wane wata ka yi tafiya.

To ɗauki biro mu bi tikitin naka. Kun tashi Legas 1:30 na rana. Kun sauka Adis 8:45 na dare a agogonsu, wanda a namu 6:45 ne na magariba. Kun yi awa 5 da minti 15 a sama. Kun zauna a filin jirgin Bole daga 8:45 zuwa 12:30, awa 3 da minti 45. Daga nan kun tashi 12:30 kun sauka 3:30 na yamma agogon Sin, wanda a Adis 10:30 ne na safe, awa 10 cif. Haɗa su: 5:15 da 3:45 da 10, awa 19. A dawowa kuwa agogo baya yake ja. Daga 12:30 na dare zuwa 6:00 na safe ido yana ganin awa 5 da rabi, amma sai ka ƙara awa 5 da ke tsakanin Sin da Habasha, ya zama 10 da rabi. Jira awa 3. Daga 9:00 zuwa 12:15 awa 3 da kwata, ka ƙara 2, ya zama 5 da kwata. Jimla awa 18 da minti 45.

A taƙaice, in za ka gabas ka cire awa 7 daga abin da ka ƙirga, in za ka dawo ka ƙara 7. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka mayar da duk lokutan zuwa agogon Najeriya a gefen takarda kafin ka fara lissafi. Haka muke yi wa duk wanda zai yi tafiyar farko, domin iyali ma su san ƙarfe nawa za su fara sa ran kiransa.

Nisan kansa

Daga filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja zuwa filin jirgin Baiyun na Guangzhou, in an ja zare a miƙe, kimanin kilomita 11,700 ne. Ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na zagayen duniya, wanda yake kusan kilomita 40,000.

A nan akwai abin da taswirar bango take ɓoye wa mutane. Taswira shimfiɗaɗɗiya ce, duniya kuwa dunƙulalliya ce kamar lemo. Idan ka sami ƙwallon duniya irin na makaranta, ka ɗora bakin zare a Legas ka ja shi ya yi tsam zuwa Guangzhou, za ka ga zaren ya hau arewa, ya ratsa Chadi da Sudan, ya ƙetare Bahar Maliya, ya bi ta kan Saudiyya da yankin Gulf, ya wuce arewacin Indiya, sannan ya gangaro kudancin Sin. Wannan lanƙwasasshen layi shi ne hanya mafi kusa. Shi ya sa Doha da Dubai, waɗanda a taswira sai ka ga kamar an yi kwana, a gaskiya kan hanya suke. Legas zuwa Doha kimanin kilomita 5,500, Doha zuwa Guangzhou kimanin 6,200, jimla dai 11,700 ɗin nan. Ta Dubai kusan 5,900 da 5,800, ba ta sake zane ba.

Taka hanyar ta Adis Ababa: kimanin kilomita 3,900 daga Legas, ta kan Kamaru da Afirka ta Tsakiya da Sudan ta Kudu, sai kimanin 8,000 daga Adis, ta kan Tekun Larabawa da Indiya da Myanmar. Jimla wajen 11,950. Ƙarin bai fi kilomita 250 ba, tafiyar da jirgi zai cinye cikin minti ashirin. Ta Alƙahira ma kusan haka ne, wajen 11,900. Wadda ta ɗan yi nisa ita ce ta Istanbul, kimanin 4,600 da 7,900, wato 12,500, ƙarin kusan awa ɗaya a sama.

Ka ga ke nan duk hanyoyin da ake sayarwa a Legas nisansu ya yi kusa da juna. Wanda ya tsaya yana auna kilomita don zaɓen tikiti, ya bar jaki yana dukan taiki.

Yadda kilomita take zama awa

Manyan jiragen da ke wannan hanya, irin su Boeing 777 da 787 da Airbus A350, suna gudun kusan kilomita 900 a awa idan sun daidaita a sama, tsakanin mita 10,000 zuwa 12,000 daga ƙasa. Amma ba da wannan gudun suke farawa ko ƙarewa ba. Hawa yana cin wajen minti 20 zuwa 30, saukowa ma haka, kuma lokacin da aka rubuta a tikiti yana farawa ne tun daga sa'ar da aka ture jirgi baya daga ƙofa, har zuwa sa'ar da ya tsaya a ƙofar can. Duk jan ƙafar da yake yi a kan titi da bin layin tashi suna ciki. Lissafin da ba ya kuskure sosai shi ne ka raba nisa da 850, ka ƙara minti 30 zuwa 40. Gwada da 3,900: awa 4 da minti 35, ka ƙara 40, ga awa 5 da kwata ɗinka. Gwada da 8,000: awa 9 da minti 25, ka ƙara, ga awa 10. Da jirgi zai tashi daga Ikeja bai tsaya ko'ina ba sai Baiyun, da kimanin awa 14 za ta ishe shi, kuma waɗannan jirage suna iya yin ta. Abin da ya sa tikitocin da ake samu suke da zango shi ne kasuwa. Kamfani yana tara fasinjojin Legas da Kano da Abuja da Akara da Duwala a cibiyarsa, ya cika babban jirgi ɗaya da su zuwa Sin.

Sai iska. Ka lura daga Adis zuwa Guangzhou awa 10 ne, dawowa 10 da rabi, alhali nisa ɗaya ne. A can sama inda jirage ke bi akwai wani kogin iska mai gudu daga yamma zuwa gabas, yana ratsa arewacin Afirka da ƙasar Larabawa da arewacin Indiya da kudancin Sin. A lokacin sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, gudunsa yakan wuce kilomita 200 a awa. Jirgin da ya nufi gabas tura shi take yi, kamar kwalekwalen da ya bi ruwa. Wanda ya nufo yamma kuwa ƙirji yake ba ta. Hanyar Doha da Dubai ta fi shiga cikin wannan iska, don haka a can bambancin zuwa da dawowa yakan kai awa guda ko fiye da hunturu. Hanyar Adis ta fi karkata kudu, bambancinta kaɗan ne. Da damina iskar takan yi rauni ta matsa arewa, sai tazarar ta ragu. Wasu sukan ce juyawar duniya ce take kawo wa jirgi garin da zai je. Ba haka ba ne, domin iskar da jirgi ke ciki tare take juyawa da ƙasa.

Akwai kuma zagaye. Jirgi ba ya bin zaren nan sak, yana bin hanyoyin da masu kula da sararin kowace ƙasa suka shata. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen da ke tsakanin Afirka ta Yamma da ƙasashen Gulf suka koma kewayewa, hanya ta ƙaru. A watan Agusta na shekarar, bayan juyin mulki, Nijar ma ta rufe nata na kusan wata guda, abin ya shafi jiragen da ke hawa arewa daga Legas. Masu zuwa daga Istanbul kuma sukan kauce wa tsakiyar tudun Tibet, wanda tsayinsa ya haura mita 4,000. Idan iskar cikin jirgi ta zube, dole matuƙi ya sauko da sauri zuwa wajen mita 3,000 inda mutum zai iya numfashi, a kan Tibet kuwa babu wurin saukowar. Cikin Sin ɗin kanta, sojoji ne ke riƙe da babban kaso na sararin sama, hanyoyin jiragen fasinja ƙunci gare su, shi ya sa jinkiri ba baƙon abu ba ne. Ƙara da ruwan sama mai tsawa da guguwar teku da ke addabar yankin Guangdong, lardin da Guangzhou take ciki, musamman daga Yuni zuwa Satumba.

Inda awanni suke ɓata

Duk waɗannan da na lissafa, iska da zagaye da bambancin kilomita, da wuya su canza maka fiye da awa ɗaya ko biyu. Jiran canjin jirgi shi ne yake mayar da tafiyar awa 18 ta koma ta awa 30. Awannin sama a kowace hanya tsakanin 15 ne da 17. In ka ga tikitin da jimlarsa ta kai 28, to akwai zaman awa goma sha wani abu a filin jirgi, kuma sau da yawa shi ne mai araha.

A ganina jiranka na awa 3 da minti 45 ya yi daidai, kuma ba zan ba ka shawarar canza shi ba. Ƙasa da awa biyu kasada ce ga mai tashi daga Legas. Jinkirin minti 45 a Ikeja, saboda ruwan sama ko hazon hunturu ko jiran lodin kaya, ya isa ya sa ka sauka kana gudu a baranda, ga layin binciken tsaro na biyu a gabanka. Ko kai ka samu shiga, akwatinka yana iya kwana a can. Sama da awa shida kuma gajiya ce zalla, sai dai in kamfanin zai ba da masauki. Wasu suna bayarwa idan jiran ya kai awa takwas, bisa sharuɗɗa, kuma abin tambaya ne tun kafin a biya kuɗi.

Ka tabbata duka tafiyar a kan tikiti ɗaya take, da lambar ajiya ɗaya. Idan haka ne, jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, nauyin kamfani ne ya sa ka a na gaba, kuma kayanka tun daga Legas za a liƙa musu takardar CAN, wato alamar filin jirgin Guangzhou. Duba wannan takarda da idonka kafin akwatin ya bi bel ya shige, ka adana ɗan guntun da za a manna maka. Idan kuwa tikiti biyu aka haɗa maka daga kamfanoni daban don a rage kuɗi, ka makara ka yi asarar na biyun, kuma sai ka fita ka karɓi kaya ka sake aunawa, abin da kan buƙaci bizar ƙasar da ka yada zango.

Daga ƙofar gida zuwa ƙofar masauki

Awa 19 lissafin kamfani ne. Naka lissafin daga Idi-Araba yake farawa. Jirgin 1:30 yana son ka kasance a filin jirgi 10:00 ko 10:30, don akwai aunin kaya, da duba biza da katin rigakafin shawara, da jami'an shige da fice, kuma yawanci ana rufe karɓar fasinja awa ɗaya kafin tashi. Safiyar Litinin ce, ka san halin Oshodi, ka fita ƙarfe 9:00. A can kuma ka sauka 3:30, ka ba layin shige da fice da jiran kaya da kwastan awa ɗaya da rabi. Baiyun yana arewacin gari, kusan kilomita 30 daga tsakiya, layi na 3 na jirgin ƙarƙashin ƙasa yana zuwa har cikinsa. Zuwa unguwannin Xiaobei ko Sanyuanli, inda 'yan kasuwar Afirka suka fi sauka, ka sa awa guda. Za ka ajiye jaka wajen 6:00 na yamma, wato 11:00 na safiyar Talata a Legas. Daga 9:00 na Litinin zuwa 11:00 na Talata awa 26 ne. Lissafinka na farko ya kauce hanya, amma adadin da ya ba ka shi ne wanda jikinka zai ji.

Idan tafiyar ta faɗo lokacin baje kolin Canton, babban baje kolin kayan kasuwanci na Guangzhou wanda ake yi sau biyu a shekara tun 1957, daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu da kuma tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ƙara wa layin filin jirgi lokaci, kuma ka kama masauki da wuri.

Kada ka sa ganawa da mai kaya a safiyar Laraba. Ƙarfe 12 na dare a Guangzhou, jikinka yana ganin 5:00 ne na yamma, barci ba zai zo ba. Ƙarfe 9:00 na safe kuwa a wurinsa 2:00 ne na dare, lokacin da ake son ka duba ɗinki da fata ka yi ciniki. Tafiya gabas ta fi wahalar sabo a kan ta yamma, kuma jiki yakan gyara kusan awa ɗaya ne a kowace rana. Ka ba kanka kwana biyu kafin babban ciniki, ka riƙa fita cikin hasken rana, ka daure kada ka yi dogon barcin la'asar. A jirgi ka sha ruwa sosai, ka tashi ka taka duk bayan awa biyu, domin zaman da ya wuce awa huɗu yana ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa. Mai ciwon suga ko hawan jini da ke shan magani a kan lokaci ya zauna da likitansa kafin tafiya a tsara masa awannin, wannan ba aikin mai tikiti ba ne.

Lokutan salla ma suna matsewa idan an nufi gabas. Bayan kun bar Legas, rana za ta faɗi muku wajen 5:00 zuwa 5:30 agogon Najeriya, tun mutanen gida ba su fara shirin magariba ba. Idan azahar ta shiga kafin a kira ku, ka yi ta a ƙasa. Bayan tashi daga Adis, alfijir zai keto cikin awa uku zuwa uku da rabi, kuma tsakaninsa da fitowar rana gajere ne ƙwarai, tunda gudu kuke yi kuna tarar ranar. Wanda ya ce bari ya ɗan ƙara barci zai buɗe taga ya ga gari ya waye. A dawowa akasin haka ne, dare zai bi ku kusan duk awa goma da rabin, sai dab da Adis asuba ta yi. Abin lura shi ne tagar jirgi da taswirar da ke allon kujera, agogon hannu ba zai taimaka ba. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kuwa, malaminku ya fi ni bakin magana.

Waɗannan adadi na nisa ba sa canzawa, amma jadawalin kamfanoni yana canzawa, musamman a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba da ake sauya na kaka, don haka ka sake duba lokutanka kwana biyu kafin kowace tafiya.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne ya fi jawo wa matafiya asara a wannan hanya: jirgin dawowarka. An rubuta Alhamis, 00:30. Wannan daren Laraba ne, minti talatin bayan Alhamis ta shiga. Ranar Laraba za ka sallami masauki, ka kasance a Baiyun wajen 9:00 na dare. Wanda ya je daren Alhamis zai tarar jirginsa ya kusa kwana ɗaya da tashi, sai sabon tikiti ko tara mai nauyi, ga kwanakin biza suna ƙarewa. Ka rubuta "Laraba, 9:00 na dare" da hannunka a saman takardar, kuma ka bar aƙalla kwana biyu tsakanin ranar fitarka da ranar da izinin zamanka zai ƙare.